Shafin Inna Azumi

Iska ce ta jawo maganar littafin. Wata Talata ana tsakiyar karatu, guguwa ta taso daga wajen tabki, ta ɗauke rumfar zanar da manya ke koyon rubutu a ƙarƙashinta, ta kai ta gonar wani bawan Allah ta kifar. Mata goma sha huɗu da tsoho ɗaya suka rage a fili, kowa da kaye, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa a hannu, suna kallon sama. Ga damina ta kusa.

Malamarsu, Madam Firdausi, ba mai naɗe hannu ba ce. Ta ce babu mai zuwa meri, ofishin magajin gari, roƙo. Kowace mace za ta rubuta girkin da ta fi ƙwarewa a kai, da hannunta, a haɗa a kai Maraɗi a buga littafi, a sayar wa ƴan Madarunfa da ke zaune Yamai da Agadas da Katsina, masu kewar tuwon gida. Abin da aka samu a sayi kwano a rufe aji.

Duk ajin ya juya ya dubi Azumi. Ai dole. Miyar yakuwarta da bandar tarwaɗa, in ba ka taɓa ci ba, to ba a taɓa gayyatar ka biki a Madarunfa ba. Shekara talatin ana ɗaukar ta girkin suna da na aure, ran kasuwa kuma tukunyarta ke riga ta kowa ƙarewa. Wannan ya daɗe yana ci wa Lami rai, maƙwabciyarta a layin masu tuwo, wadda kuma tabarma ɗaya suke zama a aji, suna tsiya suna aron bik.

Kwana uku da sanarwa, sun koma karatu a gindin bedi, itacen dogon yaro, Madam ta iso da waya a hannu tana murmushi.

"Inna Azumi, tun ba a buga ba an fara kama wuri. Hafsatu ta aiko saƙo daga Agadas, ta ce a ajiye mata ɗaya. Wai saboda miyarki kaɗai."

Azumi ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran bakin zane, kamar ba da ita ake ba. Hafsatu ɗiyarta ce ta fari. Wanda ya san garinmu ya san sauran: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye yarinyar kakarta ta goya ta zuwa Gabi, can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Shekara talatin da biyu Azumi ba ta taɓa furta sunan nan ba. "Waccan" take cewa, ko "ta Agadas". In an haɗa su a waya, magana ba ta wuce "Kuna lafiya? Ya yara? To madalla," sai ta miƙa wa na kusa. Ƙannen Hafsatu duk a gindin murhu suka koyi miyar. Ita kaɗai ce ba ta taɓa tsayawa kusa da uwarta tana girki ba, kuma abin yana damun Azumi ƙwarai, sai dai ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

To yanzu ga hanya ta samu, takarda za ta kai miya Agadas ba sai baki ya buɗe ba. Amma takardar da za ta je Agadas, ita ce dai Lami za ta karanta. Nan fa ake yin ta.

Kwana huɗu Azumi tana fama da shafinta, harshe a waje, bik yana zame mata. Ta rubuta yakuwa, ta rubuta kifi, albasa, tattasai, gyaɗa, daddawar batso. Da ta zo kan abu biyun da suka sa miyar ta zama tata, sai ta rufe kaye. Ta ce a ranta, waccan ai jinina ce, za ta gane da kanta.

Madam kuwa ta ce kafin a kai Maraɗi sai an gwada. Za a yi musayar takardu, kowace ta dafa girkin wata, kuma sharaɗi ɗaya ne: abin da ke rubuce kawai, ba ƙari ba ragi. Mai ɗanɗanawa Baba Gwamna, tsohon masunci, namiji tilo a ajin, wanda ya shigo karatu don ya gaji da miƙa wa mutane waya su duba masa mai kira. Babu tukunyar biki a garin da bai san gindinta ba.

Ran Asabar da hantsi aka jera murahu a tsakar gidan Madam. Takardar Azumi kuwa, da yake Allah ya nufa a yi dariya ranar, hannun Lami ta faɗa.

Baba Gwamna ya wanke hannu, ya zauna, ya naɗe hannun riga. Ya ɗanɗana dambu, ya ture kwanon. Ya ɗanɗana ɗanwake, ya nemi ruwa. Ya bi kwanuka ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa sai ƙara tsawo take. Da ya kai loma ɗaya ta miyar yakuwa, idonsa na hagu ya rufe don kansa, kafaɗunsa suka hau har kunne.

"Wayyo ni Gwamna! Wa ta yi mini wannan aika-aika?"

"Miyar Azumi ce," in ji Lami, tana kaɗa takarda. "Wallahi ko gishiri ban ƙara ba."

"Miyar Azumi? Ni za a gaya wa miyar Azumi? Wannan tsami ai sai ya ƙarasa mini haƙora ukun da suka rage." Ya bi matan da kallo. "Kai, ku tsaya ma. Dambun Ɗelu ba haka yake ba. Ɗanwaken Bilki ba haka yake ba. Ku duka kun cuci takarda!"

Mata suka dubi juna. Sai wata ta tuntsire da dariya a bayan mayafi, sai tsakar gida ta ɗauka gaba ɗaya. Ashe babu wadda ba ta ɓoye wani abu ba. Mata goma sha huɗu, ba shawara ba komai, kowace ta cire sirrinta ta miƙa saura, tana ganin ita kaɗai ce mai wayo a Madarunfa. Har Lami mai kaɗa takarda, ita ma ta ɓoye nata.

Madam ta dafe kai, ga dariya ga haushi. "Haba iyayena! Mutum ya sayi littafi a Yamai, ya ɓata cefanensa, ya zauna yana tsine mana? Wa zai sake saye? A haka za mu rufe aji?"

Aka shiga ciniki, in kin faɗi naki in faɗi nawa. Ɗelu ta amsa cewa sau biyu take turara dambu, da man shanu a tsakani. Bilki ta ce garin rogo take ɗan barbaɗawa a ƙullun. Ɗaya bayan ɗaya suka karɓi takardunsu suna cikewa, ana shewa ana tafawa. Azumi kaɗai ta harɗe hannu a ƙirji.

"Ni abin da na sani na rubuta. Hannu ne ya bambanta."

Lami ta ajiye ludayi. Kowa ya zaci tsiya za ta soma, sai ta matso kusa ta rage murya, duk da haka an ji.

"Ke Azumi, ni ki bar ni, na ci na sha ba da miyarki ba. Amma abin da na dafa yau, shi ta Agadas za ta dafa. Za ta bi takardarki layi layi, ta zuba wa mijinta da yaranta, su yamutsa fuska kamar Baba Gwamna. Kuma ba za ta ce uwarta ta ɓoye mata ba. Cewa za ta yi ita ce ba ta gaji hannunki ba, tunda ba ke kika rene ta ba."

Maganar ta soki Azumi har zuci. Ta hango yarinyar a wata tsakar gida da ba ta taɓa gani ba, tsaye kan tukunya, tana ganin laifin kanta. Tausayi ya kama ta, kunya ta kama ta, idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙi ne.

"Ba ni bik."

Ta kifa turmi ta zauna, ta ɗora takarda a gwiwa. Ta rubuta cewa ba kanwa ake sawa ba, ruwan tokar karan gero ne, a tace shi ya kwana, ludayi ɗaya, shi ke kashe tsami bai kashe ɗanɗano ba. Daddawar batso kuma sai an gasa ta bisa garwashi har ta yi ƙamshi kafin a daka. Layi biyu kacal, amma sai da azahar ta kusa. Lami na leƙe ta kafaɗa tana tafa hannu.

"Toka! Shekara ashirin ina zargin kifi, ashe toka!"

Saura sunan girki a saman shafi. Azumi ba ta tambayi kowa harafi ba. Tun watan da suka gama baƙaƙe, bayan kayenta cike yake da kalma ɗaya, tana rubutawa tana rufewa kada a gani. Ita ta rubuta yanzu, a hankali, da manyan haruffa. Madam ta karɓa ta duba, ta ɗago ta dubi Azumi, ta saka takardar cikin sauran.

Bayan mako uku littafi ya fito, rubutun kowace yadda hannunta ya yi shi, da karkatacce da miƙaƙƙe. Ran da za a fara sayarwa aka taru gindin bedi, da mazaje da ƴan kallo. Sai Madam ta ce kowace ɗaliba za ta tashi ta karanta shafinta da ƙarfi, don a san ba wani ya rubuta musu ba, ita kuma za ta ɗauka a waya ta tura wa masu saye na nesa.

Wannan kam Azumi ba ta hango shi ba. Da aka zo shafi na goma sha ɗaya ta miƙe, ta ɗora yatsa a layin farko, sai ta tsaya cak. Matan da suka san abin da ke wurin suka zuba mata ido. Lami ta ja bakin zanenta ta raɗa mata, "Ki tsallake kan, ki fara daga yakuwa."

Azumi ta gyara tsayuwa. Wata takwas Madam na hana ta tsallake ko harafi ɗaya, yau ne za ta tsallake layi?

"Mi-yar," ta ce. Ta matsar da yatsa gaba. "Haf-sa-tu."

Wata tsohuwa ta yi salati, wata ta rangaɗa guɗa. Azumi ta harare su duka.

"Me kuke kallo? Ni ban kira kowa ba. Karatu nake."

Ta ƙarasa shafinta har toka, ta zauna.

Littafi ya sayu, kwano ya hau aji kafin ruwan shuka, amma wannan daga baya ne. A ranar, ana naɗe tabarmi bayan la'asar, Madam ta zo ta durƙusa gabanta da waya.

"Inna, saƙo daga Agadas. Naki ne."

Azumi ta kara a kunne, ta juya wa mutane baya. Saƙon gajere ne ƙwarai. Da farko numfashi kawai, irin na wanda ya yi kuka ya share. Sai murya ta fito.

"Na'am, Inna."

Shi ke nan, ya ƙare. Azumi ta daɗe riƙe da wayar a kunne. Can ta sauke ta, ta dube ta, ta miƙa wa Madam, amma ba ta saki ba.

"Nuna mini inda ake dannawa a sake ji."