Ƙwai a Farantin Gilashi

Ta ɗago daga kan madubin ganin ƙananan halittu, ta goge ido da gefen mayafi, ta sake leƙawa. Suna nan. Ƙananan ƙwayaye masu kaurin ɓawo, reras a tsakiyar farantin gilashin, daidai inda fumfuna biyun suka haɗu. 

Duk daɗewarta a ɗakin binciken cututtukan shuka, a hoto kawai ta san su. Fumfunar da ke ƙone ganyen dankali jinsi biyu ce, kamar mace da namiji, kuma ɗaya kaɗai aka sani a yankin. Gwauruwa ce: ta bi ruwa ta yi ɓarnarta da damina, a kwashe dankali ta mutu. Amma in ta sami abokin zama sai su yi ƙwai, ƙwan kuma ya lafe a ƙasa shekara da shekaru, ba ruwansa da rani ko feshi.

Daga gonar yayanta ta tsinko ganyen. Da wasa ta haɗa shi da tsohuwar fumfunar yankin da suke ajiye da ita a ofis, don ya ishe ta da kurin sabon irin da wani direba ya tsallako masa da shi daga ƙetaren iyaka. Ashe irin ne ya shigo da ɗaya jinsin. Ta san abin da zai biyo baya: a killace gonar, a tone, a ƙone. Gonar da ta raine su ke nan. Ta ɗauki waya ta kira shi.

“Auta ’yar boko! Me madubin naki ya ce?”

“Yaya, kana gona? Don Allah kar kowa ya shiga. Ko takalmin ƙafarka kar ka fito da shi.”

Ya yi dariya. “A kan ɗan ganyen da ya yi baƙi? To in tafi gida ba takalmi?”

“Irin nan, Yaya, akwai saura?”

“Wane saura? Kin taɓa ganin Baba ya shuka sabon iri shi kaɗai? Yadda yake yi na yi. Kowa a kwarin nan na ba shi kwando, har surukina na hayin rafi. Duk sun shuka, sai albarka suke sa mini.”

Ta laluba kujera ta zauna.  Ta cikin wayar tana jin wani abu yana bugun kwanon rumfarsa.

“Kin ji ko?” in ji shi. “Ga ruwa ma ya sauko. Bana kam sai godiya.”