Hoton da Ba a Wanke Ba

Mai Hoto ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi nake jin tarinsa kamar a kan gadona ake yi. Amma ran nan ba tari ne ya sa Auta, 'yarsa, ta kira ni ba.

"Maƙwabci, fuskarta ta ɓace mini," in ji shi. "In na rufe ido duhu kawai nake gani. Kar in tafi a haka."

Matarsa yake nufi, wadda ta rasu Auta na goye. Mutumin da ya ɗauki rabin unguwa hoto, ba shi da na matarsa ko ɗaya. Sau ɗaya ya taɓa ɗaukarta, tana tsefe kai ba ɗankwali, shi ya sa ya ƙi wanke hoton a shago inda kowa ke leƙe. Ya bar shi a jikin fim, cikin wani gwangwani. Da suka ɓata da Dogo, amininsa da suka buɗe shagon tare, sai Dogo ya canza kwaɗo ya riƙe komai, da kyamara da gwangwanin. An aika manya, an kai ƙara, duk a banza. Yanzu ni yake so in je in karɓo masa gwangwanin.

Ni kuwa ko kaza ce ta taso mini kaucewa nake yi, balle Dogo da ya taɓa bin mai sasanci da ƙafar kyamara. Duk da haka na tafi. Amma abin da ya fi Dogo ba ni tsoro yana bayana: ina tafe ina kasa kunne, kar in jiyo kukan Auta.

Dogo ya tsufa, amma muryar na nan. Ya saurare ni daga bakin ƙofa, ya ce in kyamara ce in ɗauka, in ta lalace ya saya wa Mai Hoto wata, a daina aiko masa mutane. Na ce ba kyamara ake nema ba, gwangwanin ne, kuma mai shi ba lalle ya kai yamma ba. Ya daɗe yana kallona, har na fara duba hanyar gudu, sannan ya juya ciki.

Ɗakin bayan shagon yoyo yake yi. Gwangwanin ya yi tsatsa, fina-finan ciki sun manne da juna sun zama curi guda. Na kai hannu zan ɓamɓare, Dogo ya buge mini yatsu.

"Ka ja shi, ka ɓare mata fuska. Ruwa ne zai sake su."

Ya zuba su cikin roba da ruwan sanyi, muka zauna jira. Ban taɓa jin haushin ruwa irin na ranar ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai in ɗauka an zo gaya mini rasuwar Mai Hoto ne. Da suka fara rabuwa, Dogo ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wani sai ya kawar da kai da sauri, ya miƙo mini ta gefe.

"Riƙe ta baki-baki. Ka ce masa ban taɓa buɗewa ba."

A guje na koma. Gidan tsit, shirun ya kusa kayar da ni a ƙofa. Sai na ji tari.

Hannun Mai Hoto ya kasa riƙe fim ɗin, don haka Auta ta manna shi a gilashin taga, tun yana jiƙe. A jikin fim baƙi fari yake fitowa, sai ga yarinyar mace tana dariya, gashinta fari fat. Mai Hoto ya ƙura mata ido, numfashinsa ya lafa.

"Ashe ita ma ta yi furfura," ya ce.

Kafin rana ta sauka daga tagar ya cika. Da aka fita da shi na hango Dogo tsaye a ƙarshen layi, rungume da kyamarar. Fim ɗin kuwa ya bushe a jikin gilashin, ba wanda ya cire shi, haske na ratsa shi yana sauka a kan matashin.