Kwabon da Hure ta wanke

Shekara kusan talatin kwabon nan mai huji yana ɗaure a igiyar mabuɗin Hure. Canji ne da mijinta Bubayero ya miƙa mata shekarar da ya dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Bubayero ya rasu, an daina karɓar kwabon a kasuwa, har naira ta shigo, shi kuwa yana nan, man shanu da hayaƙi sun mayar da shi baƙi ƙirin.

Ran kasuwar Ajingi wani malamin makaranta daga Gaya, Malam Badaru, ya tsaya shan fura a wurinta. Shi ne mai bin ƙauyuka yana sayen tsoffin kuɗi yana kai wa wani mai tara su a Kano. Ya hango igiyar, ya roƙa, ya fito da ɗan gilashinsa ya kafa wa kwabon ido har furarsa ta tsinke.

"Inna, wannan kuskure aka yi wajen buga shi," in ji shi. "Shekarar da ke baya ta ƙarshen yaƙi ce, amma sunan da ke gaba na sarkin Ingilan da ya sauka ne shekara tara kafin nan. Irinsa ba yawa. Ki kawo mini shi Gaya ran Juma'a, zan ba ki naira arba'in."

Naira arba'in kuwa ita ce kwanon rufin ɗakinta. Damina biyu ke nan tana kwana a takure tana tarar yoyo da ƙore, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

To, wace mace mai mutunci ce za ta kai wa malami abu da dauɗa? Hure da ko ludayi ba ta miƙa wa baƙo sai ta ɗauraye. Tana isa gida Toranke ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka da yashi, ta zauna ta dirji kwabon nan kamar tasar biki, sai da ya yi fari tas.

Ran Juma'a ta taka har Gaya, ta kwance bakin zane ta ajiye masa. Malam Badaru ya ɗora gilashi, ya dafe kai.

"Inna, me kika yi masa?"

"Wanke shi na yi."

"Ai kin kashe shi. Dubi yadda yashi ya karce shi, ko'ina zane. Mutumina ba ya sayen gogagge. Baƙin nan da kika cire, shi ne shaidar ba a taɓa shi ba."

Ran Hure ya ɓaci, kuma wallahi da gaskiyarta. Mutum ya zauna ya sha furarta, ya ba ta tarihin sarakunan Ingila tiryan-tiryan, amma kalma uku, kada ki wanke, suka gagare shi.

"Malam, kuskuren Turawa kuɗi ne, tsabtata kuma laifi ce? Da bakinka, me ya hana ka faɗa?"

"Ban zaci za ki taɓa shi ba. Ki karɓi naira biyu, ladan tafiya."

"Riƙe abarka. Ba bara na zo ba."

Ta ƙulle kwabonta ta kamo hanya, tana tafe tana faɗa ita kaɗai har Toranke.

Washegari ta kira Inuwa kafinta ya fasa tsofaffin garwa biyu ya toshe inda ya fi zuba. Shi dama da kwabo mai huji yake tare kan ƙusa don kada ta yaga ƙarfe. Ya laluba aljihu, nasa sun ƙare, saura ƙusa ɗaya.

Hure ta kwance bakin zane ta miƙa masa.

"Buga. Wankakke ne."

Ya buga. Da la'asar ruwan farko ya sauko, ta tashi ta jera ƙorenta inda ta saba jera su.