Hannaye Biyar a Bayan Kabad

Makullin ɗakin magina tukwane yana hannun Auta tun rasuwar Inna. Ba wanda ya zauna ya ba ta shi. Ranar da aka share makoki ta same shi ƙulle a bakin zanen mahaifiyarta, ta kwance, ta ci gaba da buɗe ɗakin kowace safiya tana sharewa. Shekara tara ke nan ba a gina ko kasko a cikinsa ba. Roba da alminiyam sun cinye kasuwa, matan da ke aikin wasu sun mutu, wasu sun koma wajen 'ya'yansu. Ƙungiyar unguwa ce ta mayar da shi wurin taronta, ta zuba benci huɗu da tebur da wani dogon kabad na ƙarfe da ake ajiye takardu.

Bangon baya ne kawai bai canza ba. A zamanin da ake aiki, duk yarinyar da ta gina tulunta na farko, aka gasa, aka cika shi da ruwa ya wuni bai yi yoyo ba, sai ta tsoma hannun dama cikin kwaɓaɓɓen yumɓu ta manna a bangon. Hannu arba'in da bakwai ne, wasu manya wasu ƙanana, ba suna a ƙarƙashin ko ɗaya. Na Inna yana ƙasa-ƙasa wajen hagu, da ƙaramin yatsansa a karkace, inda ƙofa ta taɓa datse ta tana yarinya. Kullum in Auta ta gama shara sai ta ɗora tafinta a kai, sannan ta rufe ɗakin.

Sakataren ƙungiya, wanda malamin makaranta ne, shi ya ji labarin wani ofishi da ke ba da tallafi don adana kayan tarihi. Ya cika takarda, ya ɗauki hotunan ɗakin ciki da waje don a ga yadda ya lalace, ya aika. Bayan wata biyar amsa ta zo: cikin unguwanni masu yawa da suka nema, tasu tana cikin ukun da za a zo dubawa. Baƙuwa za ta iso ranar Asabar.

Ranar Laraba aka yi zama. Ciyaman ya ce za a kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, 'yan makaranta su yi waƙar maraba. Yana cikin lissafa wa kowa aikinsa sai idonsa ya sauka a bangon baya.

"Wannan fa? Kamar yara sun gama cin abinci sun rasa tsumma."

Aka yi dariya.

"Mace za ta taso tun daga babban ofis mu nuna mata wannan? Ta koma ta ce ko ɗakinmu ba mu iya gyarawa, balle a damƙa mana tallafi. Malam, nemo mana mai fenti gobe."

"Fari ko shuɗi?" in ji Sakatare.

"Fari. Shuɗi ai sai ta zaci ɗakin shan magani ne."

Auta tana bakin ƙofa riƙe da tsintsiya. Ta so ta yi magana ta kasa. Tun tana ƙarama haka take, in mutum uku suka juyo suna kallonta sai harshenta ya yi nauyi, gumi ya cika mata tafin hannu. Ga shi yau maza goma sha ɗaya ne, har da waɗanda suka girmi mahaifinta.

Ciyaman ya lura da ita. "Auta, da magana ne?"

"A'a, Baba."

"To ki zo da wuri gobe ki buɗe masa."

Da kowa ya watse bayan la'asar, ta saka sakata ta ciki. Ta kwashe takardun kabad ɗin ta jera a kan benci, ta tura tsumma a ƙarƙashin ƙafafunsa, ta sa kafaɗa. Taku ɗaya, ta huta, taku ɗaya, ta huta, har ta kai shi daga kusurwa zuwa bangon baya. Faɗinsa ya rufe hannun Inna da wasu huɗu na kusa da shi.

Daidai gefen kabad ɗin ta dama, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba, akwai wani ɗan siririn hannu. Auta ta san shi. Na 'yar Gwaggo ne, wadda ta rasu wajen haihuwar fari. Gwaggo ita kaɗai ta rage da rai cikin manyan magina, aminiyar Inna ce, ita ta goyi Auta lokacin da Inna ke kwance. Yanzu tana can wata unguwa gidan ɗanta, ciwon ƙafa ya hana ta fita. Auta ta gwada tura kabad ɗin dama kaɗan, sai yatsun Inna suka leƙo ta hagu. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta mayar da shi hagu, ta jera takardun, ta kulle ɗakin.

Mai fenti ya zo da safe da tsani da bokitai.

"Ƙanwata, wannan kabad ɗin fa?"

"Yana da nauyi."

"Ai shi ke nan. Ni ma ba dako aka ɗauko ni ba."

Ya ce fenti ba ya kama laka, sai an kankare. Ya ɗauko wani faffaɗan ƙarfe ya fara daga sama, yana yi yana fito. Hannayen suna zubowa gari-gari, ja da ruwan ƙasa, wasu ɓarɓashi, wasu da ɗan zanen tafi a jikinsu. Auta ce ta share. Da ta tara a bokiti ta nufi juji, ta kai bakin titi ƙafarta ta ƙi gaba. Ta dawo da bokitin ta tura shi cikin ƙaramin sito, ta kife masa tsohon faranti.

Ranar Asabar unguwa ta cika. An kafa rumfa, lasifika tana ta kuka ana bubbuga ta, 'yan makaranta sun yi layi cikin rana. Ɗan Gwaggo ya kawo ta a mota, aka zaunar da ita a kujerar gaba, don Ciyaman ya ce dole baƙuwa ta ga maginiya ta gaske. Gwaggo ta hango Auta ta yafito ta.

"Ke, 'yar nan, har yanzu ba kya cin abinci? Iska mai ƙarfi ta taso sai mu neme ki a wani gari."

Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta iya ɗaga ido ba.

Baƙuwar mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau da takalmi marar tsini, ba ta yi kama da wadda ake kafa wa rumfa ba. Ta saurari waƙa, ta saurari jawabin Ciyaman tun daga kakanni har zuwa matsalar kwata, ta yi godiya a taƙaice, ta ce tana son ganin ɗakin.

Aka buɗe. Warin fenti ya tarbe su. Bangon ya yi fari fat, har yana ɗaukar ido. Ciyaman ya gyara tsayuwa yana jiran yabo.

Baƙuwar ta duba gabas ta duba yamma. Ta buɗe jaka ta zaro hoto.

"Ranka ya daɗe, ina ɗakin da ke da wannan bangon?"

"Ai shi ne wannan. Mun ɗan gyara saboda zuwanki."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ba faɗa a muryarta. Ta ce tsofaffin ɗakuna masu yoyo suna ko'ina, takardun da ke zuwa ofishinsu duk irinsu ne. Wannan hoton, da aka ɗauka don a nuna tsagewar rufi, shi ya sa aka ware takardarsu, saboda hannayen da suka fito a gefensa. Su ta zo gani, ta auna, ta tambayi masu su.

A waje lasifika tana ta kiran wani ya zo ya matsar da babur ɗinsa.

Sai aka ji ƙarar sanda a kan siminti. Gwaggo ce ta shigo, ɗanta na riƙe da gwiwar hannunta. Aka dare mata. Ta tsaya gaban bangon tana kallo kamar mai neman ƙofar gidansu a unguwar da aka rushe. Ta taka zuwa gefen kabad ɗin, ta ɗora tafinta a kan farin fenti, daidai wurin, ko kuskuren yatsa ɗaya ba ta yi ba.

"Nan na yarinyata yake," ta ce. "Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba."

Baƙuwar ta juya wajen Sakatare.

"Ko ɗaya bai rage ba?" in ji baƙuwar.

Sakatare ya girgiza kai.

Auta tana bayan mutane, jikin ƙofa. In ta yi shiru, za a watse, a yi ta zargin Ciyaman da mai fenti, ita kuma gobe ta rufe ɗaki ta leƙa bayan kabad ta ga Innarta, ba wanda zai sani. In ta yi magana, Gwaggo za ta san cewa ta sani tun ranar Laraba, ta ga abin da za a yi, ta ceci nata ta bar na kowa. Ta dubi bayan tsohuwar, da hannun nan a kan bango.

"Akwai a bayan kabad."

Muryar ba ta fita sosai ba. Na kusa da ita ne ya maimaita da ƙarfi. Maza huɗu suka kama kabad ɗin suka ja. Ga su nan, hannaye biyar cikin wani dogon yanki na tsohon bango, fari ya kewaye su ta ko'ina.

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Ciyaman ya share goshi da hula. "Kun ga ikon Allah. Nauyin kabad ya cece mu. Auta, Allah ya yi miki albarka da kika tuna."

Gwaggo ba hannayen take kallo ba. Kusurwa take kallo, inda tsatsar ƙafafun kabad ta bar tabo huɗu a siminti, da dogon karce daga can zuwa nan.

"Kabad ɗin nan ba a nan yake zaune ba," ta ce.

Auta ta fito daga bayan mutane.

"Ni na matsar da shi, Gwaggo." Auta ta durƙusa a wurin, gaban kowa. "Ranar Laraba. An tambaye ni ko ina da magana na ce babu. Na ga na Yaya, 'yarki, a gefe. Na gwada, kabad ɗin bai kai ba. Sai na zaɓi na Inna."

"Kina da ƙarfin tura ƙarfe ke kaɗai, ba ki da ƙarfin buɗe baki."

"Haka ne."

"Gidan ɗana kuɗin mota nawa ne? Da kin zo kin faɗa mini, da rarrafe zan zo in zauna a gindin bangon nan, in ga mai kankare ni."

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye na sauka a kan simintin da ta wanke da safe.

Ciyaman ya yi gyaran murya. Ya ce abin da ya faru ya faru, laifin na kowa ne, shi ne ma kan gaba. Amma ga mata cike da rumfa, yawancinsu 'ya'ya da jikokin magina ne. A samo laka yanzu, kowace ta manna hannu a madadin uwarta, kafin la'asar bango ya dawo yadda yake.

"Alhaji, ka taɓa gina tulu?" in ji Gwaggo.

"A'a, Gwaggo."

"Su ma haka. Bangon nan ba na 'yan biki ba ne. Hannun da bai yi tulun da ya riƙe ruwa ba, ba ya hawa."

Baƙuwar ta auna hannaye biyar ɗin, ta ɗauki hoto, ta zauna kusa da Gwaggo da littafi. Tsohuwar ta riƙa nuna farin bango da sanda tana faɗin mai kowane wuri, da 'yar wace ce, da irin tukunyar da ta fi iyawa. Ta kawo talatin da takwas, sauran suka ɓace mata. Da za ta tafi, baƙuwar ta ce ba za ta yi musu alkawari ba. Za ta rubuta abin da ta tarar, da wanda aka rasa, da wanda ya rage, masu yanke hukunci su yanke.

Aka fara naɗe rumfa. Ɗan Gwaggo ya ce su tafi, ta ce ya jira ta a mota. Ɗakin ya rage daga ita sai Auta.

"Da aka kankare, ina kika zubar?"

Auta ta shiga sito ta fito da bokitin, ta ɗauke farantin. Gwaggo ta zura hannu ta ɗebo, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci. Ta daɗe tana murzawa.

"Har yanzu yumɓu ne," ta ce. "Ba a gasa shi ba, bai mutu ba. Ki tsince ɓawon tsohon bango, ki tankaɗe, ki jiƙa shi ya kwana biyu. Ba zai kai tulu ba, sai an ƙara sabo. Zan faɗa miki inda uwarki take haƙowa."

"Gwaggo, ban iya ba."

"Na sani. Ranar Talata zan sa a kawo ni. Kada ki zaci na huce."

"To, Gwaggo."

"Kuma in na ce miki abu ba ki gane ba, ki buɗe baki ki tambaya. Ba ni da sauran shekarun da zan yi ta duban fuskarki ina canka."

Ta miƙe da ƙyar, ta ƙi karɓar hannun da Auta ta miƙo mata, ta dogara sandarta har waje. Auta ta ji tashin motar. Ta shimfiɗa buhu a ƙasa gaban hannaye biyar ɗin, ta juye bokitin a kai, ta zauna ta fara tsincewa.