Kwanon Dusa

Tun farkon damina Inna ta daina ba awakinta dusa a ƙasa. Sai ta jingina katako a bayan motar ɗaukar kaya ta ɗanta, ta hau, ta ƙwanƙwasa kwano, duk akuyar da ke son ci ta biyo ta sama. Kullum maigidanta na mata tsiya: "Saura ki yankar musu tikiti."

Ranar da aka yi shela cewa kogi ya yi ambaliya, kowa ya tashi, unguwa ta rikice. Maƙwabta na ta kokawa da dabbobinsu wajen loda su a mota, wannan na jan ƙaho, wancan na turawa ta baya. Inna ta hau motar, ta ƙwanƙwasa kwanon. Awakin suka hau a guje, har da gurguwar da ta fi tsaya mata a rai. Ta shafa kawunansu, ta sauke ajiyar zuciya.

Jikoki sun cika gaban mota, maigidan kaɗai ya rage a ƙasa. Ruwa ya fara lasar takalminsa, shi kuwa yana ta hararar katakon.

Inna ta miƙa masa hannu tana dariya. "Malam, hau mana. Ko kai ma sai na ƙwanƙwasa maka kwanon?"