A Yi Maneji a Gida

"Karanta mini, Malama. Kar ki tsallake ko layi ɗaya."

Maƙwabciyata Balaraba ce ta miƙo mini takardar. A ƙasa aka shimfiɗa mata katifa, don tun da cikinta ya kumbura hawa gado ya gagare ta. Jiya da la'asar aka dawo da ita garinmu Ƙofa daga babban asibiti a Kano, bayan kwana goma sha ɗaya. Ɗanta Rufa'i yana tsaye a bakin ƙofa ta wajen kanta, inda ba ta ganinsa. Ya girgiza mini kai, ya haɗa tafukansa biyu yana roƙona.

Na ce mata na baro tabarau a gida. Ƙarya na yi, yana rataye a wuyana cikin hijabi.

"To je ki ɗauko. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba Makka zan aike ki ba."

Na fito da takardar a hannuna. Rufa'i ya biyo ni har zaure, ya tare ƙofa.

"Baba Malama, don girman Allah ki ce mata magani ne suka rubuta. Ki ce sauƙi na nan tafe."

"Me likitan ya ce maka?"

Ya share fuskarsa da hula. "Hanta ce. Ya ce ta riga ta ci jiki. Amma ai manya sun ce ba a faɗa wa marar lafiya, zuciyarsa ce ke karyewa."

"Waɗanne manyan? Shekarata saba'in da ɗaya, ba wanda ya kira ni taron da aka yanke haka."

Na zaro tabarau na karanta a tsaye. Rubutun likita ne, kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma layin ƙarshe ya fito sarai. Ga kalmar nan ta Turanci zaune a tsakiyarsa, wadda muka ara muka mayar da ita maneji. A sallame ta, a yi manejinta a gida.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kuma ba kalmar da ta ci mini jan biro kamar wannan. A ƙamus ma'anarta ta farko ita ce gudanar da abu, shi ya sa ake ce wa mai kula da gidan mai manaja. Ta biyu ita ce cin nasara da ƙyar, kamar mai tsallake rafi ruwa iya wuya. Da ta shigo bakinmu sai ta koma lallaɓawa. Tayar da ta sha faci bakwai maneji ce. Miyar da aka ƙara wa ruwa don baƙi sun zo maneji ce. Ka tambayi magidanci ya gida, ya ce ana maneji, ka san kar ka ƙara tambaya. Na sha cewa 'yan aji ba haka Bature ya nufa ba. Da na tsufa na gane mu ne muka fi Baturen sanin aikinta. A bakin likita kuwa, in ta zo a layin ƙarshe, nufinsa a rage wa mutum zafin ciwo, ba sauran abin yi.

Ba wannan ne ya tsayar da ni a zaure ba. Maganar ƙauyen Yako ce.

Balaraba ungozoma ce, rabin layinmu a hannunta suka faɗo duniya. Shekara goma sha tara da suka wuce ƙanenta Sale ya kawo matarsa Salamatu daga Yako, ta haihu a gidan yayarsa. Kwana biyu tana naƙuda. A rana ta biyu da hantsi Sale ya zo da mota, a kai ta asibiti. Ina tsakar gidana ina shanya na ji muryar Balaraba ta kan katanga: "Haihuwa nawa na karɓa kafin ka yi gemu? Mayar da motar nan. A yi maneji zuwa azahar." Na san daidai ne a tafi. Na ce a raina ba gidana ba ne, na ci gaba da shanya. Jaririyar ta rayu. Salamatu jini ya tafi da ita kafin la'asar. Sale ya ɗauki 'yarsa bayan kwana uku, bai ƙara taka zauren nan ba, ko da sallah, ko da mijin Balaraba ya rasu.

Tun da ciwon ya kwantar da ita magana ɗaya take maimaita mini: "Da na miƙe zan je Yako da ƙafata. Irin wannan ba a waya ake yi ba." In na ce mata sauƙi na tafe, za ta kwanta tana jiran miƙewa.

"Rufa'i, matsa mini."

"Baba, wallahi in wani abu ya same ta..."

"Ya riga ya same ta. Matsa."

Da na koma ta dubi tabarau ɗin, ta dube ni. "Yau kin yi sauri, 'yar boko. Ko gwiwar ta warke ne?"

Na zauna a bakin katifa na soma da sunayen magunguna, ina ja kamar mai karatun allo. Ta ɗaga yatsa.

"Bar wannan. Da kunnena na ji likitan ya ce maneji, yana duban Rufa'i, bai dube ni ba. Ni ban yi boko ba amma na san kalmar, a bakina ta tsufa. Wane iri ne nasa? Irin wanda na yi wa Salamatu?"

Rufa'i ya ce, "Inna, ki daina..."

"Da Malama nake."

Na ajiye takardar. "Sun ce aikinsu ya ƙare, Balaraba. A ba ki maganin rage ciwo a gida."

Ta rufe ido. Ƙuda ya sauka a goshinta, na kore shi.

"Kwana nawa?"

"Ba su rubuta ba, Allah kaɗai ya sani. Amma in kina da inda za ki, yau ce. Ban ce jibi ba."

Ta yi salati sau uku a hankali. Sannan ta ce, "Rufa'i, kira Mudi ya kawo mota. Ciro mini atamfar nan shuɗiya."

A tsakar gida Rufa'i ya tsaya gabana, idonsa jawur. Tun yana cikin zanen goyo nake ganinsa, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. "In ta cika a hanya, Baba, ke ce."

Na ce, "Na ji."

Mudi direban haya ne, motarsa ta girmi ɗansa na fari. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Muna sauka daga kwalta kowane rami sai ta damƙe hannuna, farcenta ya shiga. Ba ta yi ƙara ba. A tsakiyar gonakin masara hayaƙi ya taso daga gaban motar, Mudi ya tsaya ya fito da galan.

Rufa'i ya ce, "Za ta kai mu kuwa?"

"Za mu yi maneji, yallaɓai. Sha kawai take so, kamar mai gidanta."

Ba wanda ya yi dariya sai Balaraba, ita ma tari ya katse ta. Na duba mayafin da ta toshe baki da shi, na ga jini, na ninke shi yadda Rufa'i ba zai gani ba. Tun daga nan nake ƙirga numfashinta.

Mun isa Yako azahar ta gota. Wata budurwa ta leƙo daga gidan Sale da muciya a hannu. Balaraba ta ɗago kai ta gan ta, jikinta duka ya yi sanyi a cinyata. Fuskar Salamatu ce, har wushiryar.

Rufa'i ya ce, "Hamdiyya ce? Ni ne Rufa'i. Kawu na nan?"

"Yana gona, taki yake sawa kafin ruwa ya sauko." Ta leƙa motar. "Wace ce?"

"Gwaggonki ce."

Yarinyar ta ajiye muciyar a kan dakali, ta tafi kiransa da gudu.

Muka jira. Iska ta soma kaɗa ganyen dalbejiya, Mudi yana duban sama yana tsaki. Balaraba ta ce in ɗaga ta zaune, ba ta so ya same ta a kwance. Na jingina ta da kafaɗata.

Sale ya zo ba sauri. Ya yi furfura, ya rame. Laka har ƙaurinsa, takalminsa na roba ɗaya ya tsinke an ɗaure shi da waya. Ya gaishe ni, ya amsa gaisuwar Rufa'i, sannan ya tsaya taku uku daga motar.

"Yaya. Me ya kawo ki?"

"Tafiya ce ta zo, Sale. Malama ta karanta mini." Ta ja numfashi. "Ranar nan ka kawo mota, na kore ta. Shekara sha tara ina cewa kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, amma taurin kaina ne ya tsaya a ƙofa. Ka yafe mini."

Ya dubi ƙasa, ya dubi 'yarsa. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin mota.

"Kullum in na kwanta sai na shirya abin da zan ce miki," in ji shi. "Yau kin zo, na neme shi na rasa." Ya juya wajen direba. "Malam, ku kama hanya. In ruwan nan ya sauko rafin can ba zai ba ku hanya ba."

"Sale..."

"Ku kama hanya, Yaya."

Ya shige zaure. Hamdiyya ce ta fito da ruwa a kwanon sha, ta tallafi kan Balaraba ta ba ta.

Mun tsallake rafin ruwa na dukan ƙasan mota. Rufa'i bai juyo ba ya ce, "Kin ga abin da kika jawo mata, Baba."

Balaraba ce ta ce, idonta a rufe, "Ƙyale ta. Na dai faɗa da bakina."

Washegari ta daina cin abinci. A rana ta uku magana ta ɗauke. Rufa'i ya daina gaishe ni, ni kuma ban daina shiga ba. Ina jiƙa mata leɓe da auduga ina tambayar kaina ko na rage mata kwanan da za ta yi cikin kwanciyar rai, a banza.

A rana ta huɗu da hantsi ina tsakar gidana ina shanya, na ji babur ya tsaya a ƙofarsu. Na ji sallamar namiji, muryar da katangar nan ta yi shekara goma sha tara ba ta ji ba. Wannan karon na bar wankin a bokiti.

Ban shiga ɗakin ba, a bakin labule na tsaya. Yana zaune a ƙasa wajen kanta, yana yi mata fifita da maficin kaba. Hamdiyya na riƙe da ƙafafunta.

"Yaya, ni ne Sale. Kina ji na? Na yafe. Duniya da lahira na yafe. Ni ma ki yafe mini daɗewar da na yi."

Ban san ko ta ji ba. Rufa'i ya ce ya ga yatsanta ya motsa. Ni tabarau ɗina ya yi hazo, ban ga komai ba.

Ta cika ana kiran azahar.

Da na fito in sanar da matan layi, takalmansa na nan a bakin ƙofar ɗakin, an jera su daidai. Lakar Yako ta bushe a jikinsu, wayar da aka ɗaure ɗayan da ita ta ɗan kwance. Na sunkuya na mayar da su inuwa.