Furen da Kansa ke Ƙasa

Saura kaɗan in bar wannan labarin a cikina, don Graciete ba ta son a ambaci sunanta. Mace ce da ko burodi za ta saya, nuni take yi da yatsa.

Kawunta Firmino ya dawo birnin Porto bayan shekara arba'in a Faransa, idanunsa sun kusa mutuwa. Ɗansa ya yankar masa tikitin komawa ranar Litinin. Ita kuwa Graciete so take ya zauna, don tun zuwansa mahaifiyarta ta koma dariya.

Ranar Alhamis ya ce ta raka shi zaga gari da ƙafa.

"Da ƙuruciya ni na manna tayil a bangon wani gida, a matattakalar da ke gangarawa kogi," in ji shi. "Duk furanni ne masu tudu. Guda ɗaya na kifa kansa ƙasa da gangan, don marigayiya matata Odete ta gane aikina in ta wuce. In yana nan, garin bai manta da ni ba, sai in zauna. In babu, Litinin na tafi."

Suka fito, hannunsa a kafaɗarta. Suka wuce majami'a, suka ratsa lungunan da shanya ke lilo a sama. Baƙi suna ta ɗaukar hoton gadar ƙarfe.

"Wa ke gasa kifin sardin nan? Ya ƙona shi."

"Kawu, za a ji ka."

"To a ji. Ke wannan muryar taki, a aljihu kike ajiye ta?"

A tsakiyar matattakalar ya tsaya. "Nan ne."

Graciete ta ɗaga kai. An kafa ƙarafan hawa a jikin gidan, bangon kuwa tsirara, babu tayil ko ɗaya. Ta so ta ce masa sun yi ɓatan hanya, amma ya riga ya miƙa hannu ya shafa siminti. Ya gyara hularsa kawai.

"Mu je gida, 'yar nan."

Daga cikin zauren gidan ta hango wata mata mai rigar aiki tana jera akwatuna. Graciete ta daɗe tana kallon takalminta, sannan ta zame daga hannun kawun ta shiga.

"Sannu da aiki. Don Allah, tayil ɗin bangon nan, an zubar ne?"

"Zubarwa? Wankewa muke yi, gobe mu fara mayarwa," in ji matar, Zulmira, shugabar masu gyaran.

"Akwai wani fure da kansa ke ƙasa?"

Zulmira ta yi dariya. "Akwai. Wani mashayi ne ya manna shi, ina ji. Wannan karon za mu miƙar da shi."

"Mashayin yana jin ki," in ji Firmino daga bakin ƙofa.

Zulmira ta ba shi haƙuri tana dariya, ta ɗauko tayil ɗin ta sa masa a tafin hannu. Ya bi furen da yatsa har ƙasan ganyensa, sannan ya juya shi, kai ƙasa.

"Haka yake zama."

"A bar shi haka, don Allah," in ji Graciete, kuma a karon nan ba sai da aka ce ta maimaita ba.

"Zan gaya wa masu mannawa," in ji Zulmira, "amma suna da mantuwa."

A hanyar komawa Firmino ya ce a gaya wa ɗansa ya yi abin da ya ga dama da tikitin.

Washegari, tun kafin masu aikin su iso, Graciete na zaune a kan matattakalar da kofi a hannu, tana jiran ta nuna musu inda furen zai kalla.